Ba Kullum Zuwa da Kai Ke Fin Aike Ba: Ganin Likita Daga Nesa da Hayaƙin Hanya

Ina da wani kawu mai fama da hawan jini da ciwon suga. Garinsu yana da nisan kimanin kilomita 150 daga babban asibitin da yake ganin likita. Shekara uku ke nan, duk wata sai ya yi wannan tafiya. Yakan fita bayan sallar Asuba tare da ɗansa, su zauna a tasha har mota ta cika, su iso birni da hantsi, su hau adaidaita sahu zuwa asibiti, a nemo fayil, su bi layi. Wata rana na raka shi, na duba agogo lokacin da ya shiga ɗakin likita, na sake dubawa da ya fito. Minti takwas ya yi. An auna jininsa, an duba takardar gwajin da ya zo da ita, an tambaye shi ko yana shan magani a kan kari, aka sake rubuta masa magungunan da yake sha tun bara.

Da muka fito na ce masa, "Kawu, wannan doguwar hanya duk saboda minti takwas?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, zuwa da kai ya fi aike." Karin maganar gaskiya ce, kuma ba na jayayya da ita a wuraren da ta dace. Sai dai a ranar na fara tunanin abin da wannan zuwa da kai yake ci: yinin mutum biyu, kuɗin mota, kuɗin abinci, kasadar hanya, da kuma wani abu da ba a rubuta shi a rasit ɗin kowa, wato man da aka ƙona da hayaƙin da ya tashi sama.

A kan wannan abu na ƙarshe nake son mu tsaya yau. Ra'ayina shi ne, duba marar lafiya daga nesa, ta waya ko ta kiran bidiyo, yana rage gurɓata muhalli ragi na gaske wanda ake iya ƙirgawa, kuma ribarsa a ƙasa irin tamu ta fi yadda ake zato. Amma ribar ba ta zuwa don kawai an sayo kwamfuta. Tana da sharuɗɗa, idan aka tsallake su sai a tashi da asara biyu.

Asibiti ma yana da hayaƙi

Idan ana maganar ɗumamar yanayi, masana'antu da jiragen sama da rijiyoyin mai ne ke fara zuwa zuciya. Ba kasafai ake tuna asibiti ba. A shekarar 2019 wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai bin diddigin alaƙar kiwon lafiya da muhalli ta fitar da rahoto cewa sashen lafiya ne ke da alhakin kimanin kashi 4.4 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya. Da a ce sashen lafiya ƙasa ne, da shi ne na biyar a jerin masu gurɓata iska. Mafi yawan wannan kaso daga haɗa magunguna da kayan aiki da jigilarsu yake fitowa, sai wutar lantarki, sai kuma zirga-zirgar mutane.

Hukumar lafiya ta Ingila ta yi wa kanta wannan lissafi a watan Oktoban 2020, lokacin da ta ɗauki alƙawarin kawar da gurɓatar da take haddasawa kai tsaye kafin shekarar 2040. Ta gano cewa kimanin kashi 3.5 cikin ɗari na dukan tafiye-tafiyen da ake yi a titunan Ingila suna da nasaba da ita: marasa lafiya, masu dubiya, ma'aikata da masu kawo kaya. Sufuri gaba ɗaya ya tashi a kan kusan kashi 14 cikin ɗari na hayaƙinta, tafiyar marasa lafiya kaɗai kuma kimanin kashi 5.

Wannan a ƙasar da likitan unguwa yake kusa da ƙofar gida ke nan. A nan Arewa, ƙwararrun likitoci sun taru ne a birane ƙalilan. Mai matsalar ƙashi yakan nufi Dala a Kano, mai ciwon ido yakan nufi cibiyar ido ta ƙasa a Kaduna, masu manyan cututtuka kuma asibitocin koyarwa na Kano da Shika da Sakkwato da Maiduguri. Najeriya tana da kimanin likita 4 ga kowane mutum 10,000, rabon kuma bai daidaita ba, domin karkara ba ta samun ko kusa da haka. Ma'anar wannan ita ce, a wurinmu tazarar da ke tsakanin majinyaci da ƙwararre doguwa ce, kuma duk inda tazara ta yi tsawo, nan ne ganin likita daga nesa ya fi rage hayaƙi.

Mu yi lissafin tafiyar kawu

Lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon. Lita ɗaya ta dizal tana fitar da kimanin kilo 2.7. Mai karatu na iya mamakin yadda litar da nauyinta bai kai kilo ɗaya ba take haifar da fiye da kilo biyu. Dalili shi ne, sinadarin kabon da ke cikin man yana haɗuwa da iskar da muke shaƙa yayin ƙonewa, nauyin biyun ne ake aunawa tare.

Mu ɗauka tsohuwar motar haya, da lodinta da ramukan hanya, tana shan lita 10 a kowane kilomita 100. Zuwa da dawowar kawu kilomita 300 ne, wato lita 30, wato kilo 69 na iskar kabon. Idan motar ta ɗauki fasinja shida, kawu da ɗansa suna da kujera biyu, rabonsu lita 10 ke nan, ko kilo 23. Ranar da jiki ya matsa aka ɗauki shatar mota, dukan kilo 69 ɗin a kansa suke.

Kilo 23 ba wani abin tayar da hankali ba ne, amma da yayyafi kogi kan cika. A ce asibiti ɗaya yana da majinyata 1,000 irin kawu, kowannensu yana zuwa sau 12 a shekara. A ce an mayar da zuwa 8 daga ciki ganawa daga nesa, aka bar 4 don a duba mutum ido da ido. An soke tafiya 8,000 ke nan, an bar lita 80,000 ta fetur ba a ƙona ba, fiye da tankar mai biyu masu ɗaukar lita 33,000, kuma an hana kimanin tan 184 na iskar kabon tashi a shekara guda. Wannan misali ne na ƙirƙira don a ga girman abin, kowane asibiti yana iya saka nasa alƙaluman na gaskiya a gurbin nawa.

Waɗanda suka auna abin a aikace sun samu sakamako mai kama da haka. Jami'ar Kalifoniya da ke Debis a Amurka ta bi diddigin ganawa daga nesa fiye da 19,000 da likitocinta suka yi tsakanin 1996 da 2013, ta samu cewa an kauce wa tafiyar kimanin mil miliyan 5, an kuma rage kusan tan 2,000 na iskar kabon. A arewacin Suwidin, yanki mai faɗi da ƙarancin jama'a, wani bincike da aka wallafa a 2014 ya haɗa har da hayaƙin ƙera na'urorin da wutar da suke ci, duk da haka ya samu cewa ganawar bidiyo ta gaza zuwa da mota a hayaƙi da ninki 40 zuwa 70.

"Ai motar za ta tafi ko da shi ko babu shi"

Wannan ita ce suka ta farko da mai tunani zai kawo, kuma tana da ƙarfi. Idan bas tana tashi ƙarfe bakwai ko da fasinja ko babu, to rashin mutum biyu bai rage ko ɗigon mai ba. Haka abin yake a ƙasashen da motocin haya ke bin agogo.

Tashoshinmu ba haka suke aiki ba. Mota ba ta tashi sai ta cika. Ɗan kamasho zai yi ta kira har a samu na shida, sannan direba ya tayar da inji. Saboda haka yawan motocin da ke barin tasha a yini yana bin yawan fasinjojin da suka zo ne kai tsaye. Idan majinyata uku da 'yan rakiyarsu suka zauna a gida, mota ɗaya cur ba ta tashi ba a ranar. Tsarin da muke ƙorafi a kansa saboda ɓata lokaci, shi ne ya sa lissafin ragin hayaƙi ya fi zama gaskiya a wurinmu fiye da wuraren da bas ke yawo rabinta wayam.

Akwai kuma abin da ƙididdigar Turai ba ta cika kamawa ba: a al'adarmu marar lafiya ba ya tafiya shi kaɗai. Tsoho yana da ɗa mai riƙe masa jaka, mace tana da miji ko ɗan'uwa ko ƙanwa, yaro yana da uwa, wani lokaci har da goyo. Kowace tafiya ɗaya a fayil ɗin asibiti, kujera biyu ce ko uku a mota.

Sannan akwai masu hali da ke fita waje, Masar ko Indiya ko Dubai. Daga Kano zuwa Alƙahira kimanin kilomita 3,000 ne a jirgi. Zuwa da dawowa, rabon fasinja ɗaya ya kai kusan rabin tan na iskar kabon, wanda ya yi daidai da abin da matsakaicin ɗan Najeriya ke fitarwa a shekara sukutum. Wanda za a yi wa tiyata dole ya je. Amma komawa bayan wata shida don likita ya kalli sakamakon gwajin da za a iya yi a Kano a tura masa, wannan tafiya ce da kiran bidiyo na minti ashirin zai iya maye gurbinta.

Waya ma ba a banza take aiki ba

Adalci ya sa a faɗi cewa ganawa daga nesa tana da nata hayaƙin. Cajin waya ba wani abu ba ne, amma turakun sadarwa da yawa a ƙasar nan da injin dizal suke kwana suna tashi, ƙananan asibitoci kuma janareta suke tayarwa idan babu wuta. Ƙera waya da kwamfuta yana cin ma'adinai da makamashi, idan sun lalace kuma sukan ƙare a bola.

Mu sa wannan a ma'auni. Ko da ƙaramin asibiti ya ƙona lita ɗaya a janareta don ganawar majinyaci guda, kilo 2.3 ke nan, kashi ɗaya cikin goma na tafiyar kawu. Idan a cikin wannan awa aka duba mutum huɗu, kason ya ƙara raguwa. Idan da farantan sola ake aiki, ya kusa zama babu. Amma lissafin yana juyewa idan tazarar gajera ce. Wanda ke zaune a unguwar da asibiti yake, yana iya takawa da ƙafa, ba shi da wani hayaƙin da za a rage masa. Darasin a bayyane yake: ribar muhalli tana wurin mutanen nesa, su kuwa su ne suka fi ƙarancin sabis da wuta da manyan wayoyi. Duk shirin da ya tsaya ga 'yan birni masu manhaja a waya zai sauƙaƙa wa waɗanda dama suna cikin sauƙi, muhalli kuma ba zai gani a ƙasa ba.

Haɗari na biyu shi ne tafiya ta zama biyu. Idan aka yi ganawar bidiyo, likita ya kasa yanke hukunci saboda babu wanda ya auna jini ko ya taɓa ciki, ƙarshenta sai ya ce a zo. An ƙona data, an kuma ƙona mai. Haka nan idan an rubuta magani amma babu shi a kemis ɗin garin, majinyaci zai hau mota ya je birni nemansa, a koma gidan jiya.

Na uku tsohuwar magana ce a ilimin tattalin arziki. Tun a 1865 wani masani ɗan Ingila mai suna Jevons ya lura cewa da injuna suka rage cin kwal, sai yawan kwal ɗin da ake ƙonawa ya ƙaru, domin arha ta jawo ƙarin masu amfani. Idan ganin likita ya yi sauƙi, mutanen da a da suke haƙuri a gida za su fito, wasunsu kuma za a gano suna buƙatar zuwa babban asibiti. Wannan ƙarin tafiya ce. Ni dai ina maraba da ita, domin tafiyar da ta ceci rai ba asara ba ce. Abin da ake son kashewa shi ne tafiyar da ba ta ƙara wa majinyaci komai ba.

Gani ya kori ji

Akwai cututtukan da ba a yi musu aike. Mace mai naƙuda ko zubar jini, yaro mai suma ko numfashi da ƙyar, ciwon ƙirji na farat ɗaya, ciwon ciki mai tsanani, karaya, mai sikila da ciwo ya tayar masa, duk waɗannan hannu suke buƙata, kuma jinkirta su da sunan waya ganganci ne. Ganin farko na sabuwar cuta ma ya fi kyau a yi shi ido da ido.

Inda aike ke wadatarwa shi ne bibiya: mai hawan jini ko suga da jikinsa ya daidaita, mai farfaɗiya da maganinsa ya karɓe shi, mai larurar ƙwaƙwalwa da ke buƙatar a ji yadda yake barci da yadda magani ke masa, bayanin sakamakon gwaji, duba hoton ƙirji da aka ɗauka a wani gari, kallon ƙurajen fata a hoto, da tambayar yadda rauni ke warkewa bayan tiyata. Waɗannan su ne suka cika layukan asibitocinmu, kuma adadinsu ƙaruwa yake yi, tunda kusan kashi ɗaya cikin uku na manya a ƙasar nan suna da hawan jini.

Me ya dame mu da hayaƙi?

Wani zai ce, Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da fiye da kimanin kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon ta duniya, Najeriya kuma ba ta kai kashi ɗaya ba. Don me za a ɗora wa tsoho mai ciwon suga nauyin gyara abin da wasu suka ɓata? Wannan tambaya tana kan gaskiya, kuma ba zan taɓa goyon bayan a hana majinyaci ganin likitansa da sunan kare muhalli ba. Dalilin farko na wannan tsari shi ne majinyacin kansa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuɗin mota kuma ya bi ta. Duk ma'aikacin lafiya ya san majinyatan da suka daina zuwa ba don sun warke ba, sai don kuɗin mota ya cinye kuɗin magani. Irin waɗannan sukan dawo ne a kwance, da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda. Ga kuma hanya: alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa suna nuna mutum fiye da 5,000 ke rasuwa a titunanmu duk shekara, ban da fargabar masu garkuwa da mutane a wasu hanyoyin.

To amma ribar muhalli tana da muhimmanci ta fuska uku. Ta farko, hayaƙin mota ba sama kawai yake tafiya ba, a huhunmu yake fara sauka. Tsofaffin injuna suna fitar da ƙananan ɓurɓushi masu tayar da asma da ciwon zuciya, kuma ƙofar babban asibiti, inda motoci da adaidaita ke cunkushewa, nan ne masu raunin ƙirji suke tsayuwa. Ta biyu, mu ne a sahun gaba wajen ɗanɗana sauyin yanayi. Ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, ta kuma yanke hanyoyi a Jigawa da wasu jihohi. A watan Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri har ya shiga asibitin koyarwa. Tsarin lafiyar da ya dogara kacokan a kan hanya, ranar da gada ta karye ya tsaya. Ta uku, Najeriya ta yi alƙawari a taron Glasgow na 2021 cewa za ta kai matsayin daidaita hayaƙinta kafin 2060, ta kuma kafa dokar sauyin yanayi a shekarar. Akwai kuɗaɗen duniya da ake warewa don irin wannan aiki, masu bayarwa kuma alƙaluma suke tambaya. Asibitin da zai iya nuna kilomita nawa ya rage wa majinyatansa yana da hujjar neman kuɗin sola ga ƙananan asibitocin da ke ƙarƙashinsa.

Wane tsari ne ya dace da mu?

Tarihi ya bar mana gargaɗi biyu. A 2007 Najeriya ta harba tauraron sadarwa na NigComSat-1, aka jingina masa burin duba marasa lafiya daga nesa, sai ga shi ya daina aiki a watan Nuwamban 2008. A Ruwanda kuma, shirin Babyl da ya fara a 2016 ya yi rajistar mutane masu ɗimbin yawa, amma ya rufe a 2023 lokacin da uwar kamfanin da ke Ingila ta durƙushe. Na farko ya dogara da na'ura ɗaya mai tsada, na biyu da aljihun kamfani ɗaya na waje.

Waɗanda suka ɗore sun bi wata hanya. A Ghana an fara gwaji a gundumar Amansie ta Yamma, inda ma'aikatan lafiya na ƙauye ke kiran wata cibiya ta wayar hannu, nas ko likita ya ba su shawara, daga baya hukumar lafiya ta ƙasar ta karɓi tsarin ta faɗaɗa shi. A Indiya, shirin gwamnati na eSanjeevani da ya fara a 2019 yana haɗa ƙananan cibiyoyin lafiya da likitocin manyan asibitoci, kuma ganawar da aka yi ta cikinsa ta wuce miliyan 100 tun a 2023. A ƙasashe masu amfani da Faransanci, shirin RAFT da ya faro a Mali a 2001 tare da asibitin jami'ar Janiba ya kai har Nijar. Abin da ya haɗa su shi ne, akwai ma'aikacin lafiya a gefen majinyaci.

Wannan ne nake ganin ya dace da mu. Kawu ya taka zuwa ƙaramin asibitin garinsu, malamin asibiti ya auna masa jini da suga, ya duba ƙafafunsa, sannan a kira likitan birni a ranar da aka tsayar. Likita ya samu hannu da ido a wurin, tsohon da bai iya latsa waya ba ya samu mai taimaka masa, macen da waya ɗaya ce a gidansu ta samu ɗakin da za ta faɗi damuwarta ba a gaban kowa ba. Malamin asibitin kuma yana ƙaruwa da ilimi a kowace ganawa.

Don wannan ya yi aiki, abubuwa biyar nake ganin sun zama tilas. A fara da abin da ke hannu, wato kiran waya na murya don bayar da sakamakon gwaji da bibiyar waɗanda jikinsu ya daidaita, ba sai an jira ginin cibiya ba. A sa wa ƙananan asibitoci sola, domin duhun da Arewa ta shiga na kwanaki a watan Oktoban 2024 bayan lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna ya isa darasi, a kuma tanadi mafita ga ranar da babu sabis, kamar yadda aka gani a Zamfara a watan Satumban 2021 lokacin da aka rufe layukan sadarwa saboda tsaro. A riƙa bayar da maganin wata uku a lokaci guda ga wanda ya cancanta, kamar yadda ake yi wa masu shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya. A biya likita ladan wannan aiki ta hanyar inshorar lafiya, domin a yau likitocinmu suna yin sa kyauta a WhatsApp da tsakar dare, ga 'yan'uwa da abokan arziki, babu fayil babu kariya, alhali dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta shafi bayanan majinyaci. Na ƙarshe kuma mafi arha, a ƙara layi ɗaya a katin majinyaci: daga wane gari ya zo, da wace irin mota, da mutum nawa. Da wannan layi kaɗai asibiti zai san waɗanda ya kamata ya fara da su, ya kuma iya lissafa man da ya hana ƙonewa.

Masu karanta wannan wasiƙa da yawansu likitoci ne, ko ma'aikatan jinya, ko masu riƙe da ofis a ma'aikatun lafiya da hukumomin inshora na jihohi. Ba sai an jira Abuja ba. Shugaban sashe ɗaya yana iya ware yammacin Laraba ya ce na kiran majinyatan nesa ne, ya zaɓi ƙananan asibitoci uku ya yi yarjejeniya da su, bayan wata shida ya ƙirga mutum nawa suka ci gaba da shan magani da kilomita nawa aka rage.

Watan jiya na je gaishe da kawu. Ya ce mini ya tsallake zuwa biyu a jere, domin kuɗin motar mutum biyu ya kai na maganin wata guda, shi kuwa ya zaɓi magani. Na tambaye shi, da za a ce ya je asibitin garinsu a auna shi, likitansa ya yi masa magana ta waya, zai yarda? Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "In dai shi ne da kansa zai yi maganar, kuma ya riƙa ganina ko sau uku a shekara, to me zai kai ni hanya?"